Kore ko ja: yadda lamba 91 ta ci fistan babur a hanyar Ɗa'ifa

Ranar da ɗan ƙanwata ya shigo da babur ɗinsa warsharmu a Jidda, tun kafin ya kashe shi na san ba lafiya. Ba ƙara ce ta gaya mini ba, domin a tsaye injin yana bugawa daidai, dum-dum-dum, irin bugun manyan baburan Amurka. Hancina ne ya gaya mini. Ƙarfen da ya sha zafin da ya wuce ƙa'ida yana da warinsa, gauraye da ɗan ƙaurin baƙin mai, kuma bakaniken da ya daɗe a sana'a ya san wannan warin kamar yadda mai ƙosai ta san man da ya ƙone.

Na zauna na rubuta lamarin dalla-dalla ne saboda ba shi ne na farko da na gani a hannun 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya ba, kuma kusan kullum daga gidan mai yake farawa, daga kalma ɗaya da mutum zai jefa wa mai zuba mai ko kallonsa bai yi ba: ahdar ko ahmar, kore ko ja.

Babur ɗin da mai shi

Yaron saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, haihuwar nan. Hausarsa rabi Larabci ce: babur a bakinsa dabbab ne, gidan mai kuwa mahaɗɗa. Shekara biyu ya yi yana tari kafin ya sami wannan a haraj, wato kasuwar gwanjo, a hannun mutum na uku da ya mallake shi.

Ƙirar Amurka ne, kuma don kasuwar Amurka aka yi shi. Girman injinsa cc 1200, silinda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a bayanta. Babu lagireto, babu ruwa, iskar hanya kaɗai ke sanyaya shi. Kabureta ke ba shi mai, ba kwamfuta ba, kuma ba shi da na'urar nan da motocin zamani ke da ita, wadda ke jin inji ya fara ƙwanƙwasa ta jinkirta masa wuta. Wani cikin masu shi na baya ya cire salansar asali ya sa buɗaɗɗiya mai tsawa, ya canza matatar iska. Littafinsa kuwa ya ɓata tun a hannun farko. Abin da yaron ya gada daga littafin magana ce ta baki kawai: da ya tambayi mai sayarwa wane mai yake sha, ya ce masa littafin ya ce 91.

Mutumin bai yi masa ƙarya ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Tun farkon 2007 Aramco ta raba fetur ɗin ƙasar nan gida biyu, 91 da 95, aka rina na farko kore, na biyu ja, don kada a rikita su. Irina da ya taso a Kano, inda za ka tsaya ka ce a zuba maka na kaza ba mai tambayarka wane iri, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya saba. Shi yaron da ya ji 91, ya kuma ga famfo an rubuta 91, ai faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda koren ne ma mai sauƙin kuɗi. Ga shi kuma a gidansu ana yi wa jan kallon almubazzaranci. A Janairun 2018 litar 91 ta tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.37 (halala ɗari ce riyal ɗaya), ta 95 kuma daga halala 90 zuwa riyal 2.04. Tazarar halala 67 a kowace lita ba wasa ba ce ga mai iyali, don haka mahaifinsa ya mayar da motarsa kan kore, motar kuwa ba ta ce uffan ba har yau, domin dama koren aka yi mata. Darasin da yaron ya ɗauka ke nan: duk ɗaya ne, bambancin rini ne.

Kukan da ya zo da shi

"Kawu, wallahi kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa," in ji shi. "Abin haushin kuma, ba kullum ba."

Na ce, "Zauna, ɗan nan. Yaushe take zuwa, yaushe take tafiya? Ban tambaye ka abin da kake zato ba, abin da kunnenka ya ji nake so."

Sai da muka shanye shayi kofi biyu kafin labarin ya jeru. Da asuba babu ƙara. A tsaye babu ƙara, ko ya murɗa totur har ƙarshe. Bayan azahar take zuwa, in inji ya ɗau zafi, yana giya ta biyar, gudu ya sauka kamar kilomita 60 ko 70, ya ja totur da ƙarfi don ya wuce wata mota. Nan take tsakuwar za ta hau rawa, daƙiƙa biyu ko uku, in gudu ya hau ta yi shiru. In ya goya mutum abin ya ninka. Lokacin sanyi da ya sayi babur ɗin da ƙyar yake jin ta. Tun da zafi ya shigo ta zama 'yar gida.

Bai zo wurina da wuri ba, kunya ta hana shi, don ni ne na ce kada ya saya tun farko. Hannu biyu ya bi kafin nawa. Wata warsha ta canza masa fulogi, ta wanke kabureta, ta ɗaure duk notin da ake zargi, ta karɓi kuɗinta. Wani mai shagon kayan gyara ya sayar masa da kwalbar maganin da ake tsiyayawa a tanki, wai tana ƙara wa mai ƙarfi, riyal 35. Shi kuma da kansa ya yanke hukuncin cewa gidan man unguwarsu ne ke cakuɗa fetur. Gida huɗu ya canza. Duk inda ya je, kore yake cewa a zuba.

Abin da ya ƙarfafa masa zargin wata tafiya ce da suka yi Ɗa'ifa shi da abokansa ranar wata Asabar. Ni kuwa wannan tafiyar ce ta miƙo mini bakin zaren. Sun bar Jidda da hantsi, sun wuce Makka rana na tsaka, suka kama hanyar Hada. A gindin dutsen, inda hawan ke farawa, zafi na tashi daga kwalta kamar bakin tanda, ga abokinsa a baya, ƙarar ta yi tsananin da bai taɓa ji ba, har ya yi niyyar juyawa. Amma da suka ci gaba da bin lanƙwashe-lanƙwashen hanyar suna hawa, sai ta riƙa ja da baya. Kafin su kai inda birai ke zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci, ta koma sama-sama. A Ɗa'ifa ya yini yana yawo, ko tari injin bai yi ba. Washegari ya cika tanki da koren can, suka gangaro. Kafin su kai Bahra ta dawo.

"Ka gani ko, Kawu? Man Ɗa'ifa mai kyau ne. Namu ne gurɓatacce."

Na ce, "To man ina ne a tankinka lokacin da ta dawo a Bahra?"

Ya buɗe baki ya rufe.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

A gida, in bakanike ya ce inji ya buga ko ya yi nokin, yana nufin ya mutu sai an sauke shi. Wadda nake magana a kanta ba ita ba ce, ko da yake in aka ƙyale ta can take kai mutum. Larabawan nan suna ce mata sarga'a, ni ina ce mata ƙwanƙwasa.

Fistan zai hau ya matse haɗin fetur da iska a ɗan ƙaramin wuri, fulogi ya ƙyasta. Wutar ba fashewa take yi gaba ɗaya ba. Ci take yi tana tafiya daga bakin fulogi zuwa gefunan silinda, kamar wutar da aka cinna wa busasshiyar ciyawa daga kusurwar gona, illa ita kafin ƙiftawar ido ta gama. Tura fistan take yi ƙasa, ba dukansa ba. To amma haɗin da ke can lungu, wanda wutar ba ta iso ba tukuna, yana shan matsi da zafi daga wanda ya riga ya kama. In ya jure har wuta ta iso shi, shi ke nan. In haƙurinsa ya ƙare ya tashi da kansa, sai ya fashe lokaci guda, girgizar ta riƙa kai da komo tsakanin bangon silinda. Ita ce tsakuwar da kunne ke ji. Da a ƙara kawai ta tsaya da sauƙi. Akwai wata siririyar iska da ke lafe a jikin fistan da kan silinda, tana kare su daga harshen wuta. Girgizar nan share ta take yi, zafi ya shiga ƙarfe kai tsaye. Ƙarfe na ƙara zafi, ƙwanƙwasa na ƙaruwa, ita kuma tana ƙara zafafa ƙarfen.

Lambar oktan, wato 91 da 95 ɗin nan da ke jikin famfo, awon wannan haƙurin ce. Ba awon ƙarfi ba ce, ba kuma awon tsabta ba. Ƙarfin da ke cikin litar kore da ta ja kusan ɗaya ne. Tun a shekarun 1920 aka kafa ma'aunin da sinadarai biyu: iso-oktan mai jure matsi aka ba shi 100, heptan mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Fetur ɗin da ya jure daidai da haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun, shi ake rubuta wa 91.

Da wannan a hannu, labarin yaron ya daina zama na aljanu. Duk abin da ya lissafa mini abu ne da ke ƙure haƙurin fetur. Iska mai zafi tana shiga silinda da zafinta tun kafin a matse ta, kuma muna garin da aka taɓa auna digiri 52 a watan Yunin 2010. Goyo da hawan dutse na nufin totur a buɗe, silinda cike maƙil. Babbar giya a ƙaramin gudu na nufin inji na juyawa a hankali, haɗin da ke lungu ya sami isasshen lokacin da zai dahu ya fashe. Makka ta fi Jidda zafi, ta fi ta bushewa, ɗan laimar tekun nan da muke ƙorafi a kanta kuwa tana ɗan rage ƙwanƙwasa. Shi ya sa gindin dutsen ya zame masa wuri mafi muni a duk tafiyar.

Saura sirrin Ɗa'ifa. Jidda a bakin teku take, Ɗa'ifa kuwa tana sama da mita 1,800, Hada ta ma fi ta tudu. A wannan tsayin nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Silinda ba ta cika kamar yadda take cika a Jidda, matsin ya ragu, ga iskar da sanyi. Koren da ya kasa a gindin dutse sai ya wadatar a bisansa. Ba a nan kaɗai aka san wannan ba: a jihohin tsaunuka na Amurka irin su Kolorado ana sayar da fetur mai lamba 85 a ma'auninsu, ƙasa da wanda ake sayarwa a sauran ƙasar, saboda wannan dalilin. Ba man Ɗa'ifa ya yi masa magani ba, dutsen ne.

91 ɗin wa?

Da na kai nan na san fetur ɗin ya yi wa injin kaɗan. Abin da ya rage shi ne maganar littafi, domin yaron ya kafe a kan cewa kamfani ba zai rubuta 91 ba sannan 91 ya ɓata inji.

Gwajin oktan iri biyu ne, duka a wani inji na musamman mai silinda ɗaya. Na farko, RON, ana yin sa a juyi 600 a minti, cikin sassauci. Na biyu, MON, ana yin sa a juyi 900 da haɗin da aka riga aka ɗumama, ya fi tsanani, don haka fetur ɗaya zai ba da lamba ƙasa da ta farko da kamar takwas zuwa goma. Saudiyya, da Turai, da yawancin duniya, lambar RON suke rubutawa a famfo. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu, shi ne za ka ga an rubuta (R+M)/2 a famfunansu da littattafansu. Saboda haka lambarsu kullum tana ƙasa da tamu da huɗu ko biyar a kan fetur iri ɗaya. Abin da Ba'amurke ke kira 87, mafi arha a yawancin gidajen mansu, shi ne kusan korenmu. Abin da yake kira 91, mai tsadarsu, shi ne janmu.

Na sa yaron ya nemo mai irin babur ɗin cikin abokan hawansa. Kafin la'asar an turo masa hoton shafin ta WhatsApp. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: 91 a ma'aunin (R+M)/2, a gefensa an rubuta RON 95. Mai sayarwa ya riƙe rabin layin ya yar da rabi, wataƙila shi ma haka aka miƙa masa. Wata biyar yaron yana ba injin abin da ya gaza buƙatarsa da lamba huɗu, har zuwa lokacin da ya fi kowane zafi a shekara.

Wani abokin aikina, dattijo ne da ya girme ni a sana'a, ya sa baki ya ce ai dama jan ya fi, don akwai darma a ciki mai laushin bawul. Na ce masa Malam, wannan zamanin ya wuce. Gaskiya ne an daɗe ana ɗaga oktan da sinadarin darma, tun da aka gano shi a kamfanin General Motors a 1921, amma guba ne, kuma Saudiyya ta daina sa shi tun 2001. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta bari, a 2021. Babu darma a kore, babu a ja.

Akwai kuma masu cewa ka duba yawan matsin inji kawai ka san man da zai sha. Wannan rabin gaskiya ce. Matsin injin yaron kamar 9.7 ne a kan 1, wato fistan na matse haɗin ya koma kashi ɗaya cikin kusan goma, ba wani abin a zo a gani ba. Kawasaki Ninja 400 matsinta 11.5, amma 87 na Amurka littafinta ya nema, wato korenmu. Dalili? Ruwa ke sanyaya ta, faɗin silindarta milimita 70 ne, fulogi a tsakiya, wuta na isa lungu kafin lungu ya gaji. Silindar namu kuwa faɗinta ya kusa milimita 89, tafiyar wutar da nisa, kuma iska kaɗai ke fifita ta. In ka je ga irin Yamaha R6 mai matsi 13.1, nan ba gardama, ja ne. Don haka girman babur ko lambar matsi ba su isa a yanke hukunci ba. Waɗanda suka ƙera injin sun gwada shi, sun rubuta. Aikinka ka karanta layin har ƙarshensa, ka ga da wane mudu suka auna.

Abin da muka tarar da muka buɗe

Na so a ce canza mai kaɗai zai wadatar, amma warin nan da na ji da safe bai bar ni na yarda ba.

Fulogi muka fara cirewa, sababbin nan da bai fi wata ɗaya da sa su ba. Bakinsu ya yi fari fat, alamar mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa. A kan farin akwai wata ƙura ja-ja kamar tsatsa, aikin maganin kwalba ke nan, irin mai sinadarin manganis. Na silindar baya kuma yana da ɗige-ɗige ƙanana kamar an barbaɗa masa barkono, wasu suna ƙyalli in ka juya shi a rana. Wannan ƙyallin alminiyom ne, kuma ba inda zai fito sai jikin fistan.

Maganin kwalbar nan, bari in ɗan tsaya a kansa. Yawancinsu in sun rubuta suna ƙara maki kaza, makin nasu kashi ɗaya cikin goma ne na lamba ɗaya. Daga 91 zuwa 95 maki arba'in ke nan a lissafinsu, kwalba ɗaya ba ta kai ko kusa ba. Riyal 35 ɗin da ya biya kuwa da ta biya masa bambancin kore da ja na cikon tanki kusan ashirin.

Muka auna matsi. Silindar gaba ta ba da abin da ake so, ta baya ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na tsiyaya cokalin baƙin mai ta ramin fulogi na sake aunawa, allura ta hau. In ta hau haka, ta wajen ringi iska ke gudu, ba ta bawul ba. Ba mamaki ta baya ce ta fara faɗuwa. A irin wannan inji ita ke ɓoye a bayan 'yar'uwarta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama.

Da muka ɗaga kan silinda, gefen fistan ya yi ƙuraje kamar an watsa masa yashi da ƙarfi, kuma dandamalin da ke riƙe ringin sama ya tsage, wani ɗan yanki ya kusa rabuwa. Allah ya taimake shi yankin bai ɓalle ya karce silinda ba. Ya kuma taimake shi abin bai kai ga ɗayar cutar ba, wadda wani wuri a cikin silinda zai yi ja har ya kunna haɗin tun kafin fulogi ya ƙyasta. Ita wannan ba ta gargaɗi, rami take hudawa a tsakiyar fistan, wani lokaci cikin daƙiƙu kaɗan.

Ban ɗora wa koren laifin duka ba, kuma ban so yaron ya tafi da wannan fahimtar. Hannu uku ne suka taru a kan fistan nan. Na farko fetur da bai kai ba. Na biyu salansa da matatar iskar da aka canza ba a taɓa jet ɗin kabureta ba, wato 'yar ƙofar da mai ke bi: iska ta ƙaru, mai yana nan yadda yake, alhali ɗan rarar man nan shi ke sanyaya cikin silinda in an buɗe totur. Na uku hannun mai babur ɗin kansa. Samarin nan suna son jin bugun nan mai nauyi, sai su zauna a giya ta biyar cikin gari suna jan inji kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa. Da ɗaya ne cikin ukun, wataƙila injin ya daure shekaru. Amma man ne babba, domin shi ne kullum, kuma shi ne mafi sauƙin gyara.

Mun sa sabon fistan da ringi a baya, muka kankare baƙin dattin da ya daskare a kan silindu biyun, don shi ma yana ƙara matsi yana riƙe zafi. Muka ƙara girman jet, muka duba taimin wuta muka tarar yana daidai. Muka juye tanki muka cika da ja. Koren da muka juye a motar mahaifinsa ya ƙare.

Lissafin

A Yulin 2021 aka ƙayyade farashi, litar 91 a kan riyal 2.18, ta 95 kuma 2.33. Tazarar halala 67 ɗin nan da ta koya wa gidansu gudun ja ta koma halala 15, ba wanda ya lura. A cikon lita 12, bambancin riyal 1.80 ne, bai kai kuɗin kofin shayi da madara ba. A wata biyar yaron ya yi tafiyar kilomita kamar 6,000, ya ƙona lita wajen 330. Abin da ya tsira da shi riyal 50 ne, har da ɗan ciko. Kayan gyara kaɗai sun haura riyal 2,000, ban kuma karɓi kuɗin hannu ba don mahaifiyarsa ba za ta yafe mini ba.

Ya tambaye ni abin da zai yi in tafiya ta kai shi ƙaramar mahaɗɗar da ja ya ƙare. Na ce ya sha koren daidai abin da zai kai shi ta gaba, kada ya cika. In rabin tanki ja ne ya ƙara rabi kore, abin da ke ciki ya zama kamar 93. Ya sauko giya ɗaya, ya bar injin ya yi juyi, ya bi totur a hankali. In ya ji tsakuwa ya saki hannu nan take.

Bayan sabon fistan ya zauna, ya sake hawa Hada da abokin nan nasa a baya, da rana tsaka, don in ji shi sai ya gani da kunnensa. Daga sama ya kira ni. Bayan sallama abin da ya fara cewa shi ne, "Kawu, shiru."

Wanda ya ga fistan

Tsohon fistan na ajiye shi a kan teburin warsha, kuma shi ya jawo mini wata sabuwa. Akwai wani yaro ɗan Damagaram da ke kai saƙon abinci a ƙaramin babur mai cc 150, yakan kawo mini shi canjin mai. Ya ɗauki fistan ya jujjuya, ya ji labarin, bai ce komai ba. Sati biyu bayan haka na gan shi a gidan mai yana nuna jan famfo.

Na ce, "Kai kuma fa? Duba takardar da ke manne a tankinka."

RON 91 aka rubuta, ƙarara. Injinsa ƙarami ne, matsinsa kaɗan, bai taɓa ƙwanƙwasa ba ko sau ɗaya. Haƙurin da ya wuce abin da injin ke nema ba ya zama gudu, ba ya zama tsawon rai. A salansa yake fita. Ja ba zai cuce shi ba, aljihunsa kawai zai taɓa: lita huɗu yake sha a yini, halala 60 ke nan, riyal 18 a wata. Na ce masa da wannan kuɗin gara ya riƙa canza matatar iska, wadda ƙurar Jidda ta toshe har ba a ganin hasken rana ta cikinta.

"Baba, wallahi tun da na koma ja ya fi laushi," in ji shi.

Na tuna masa cewa a satin nan ne na canza masa baƙin mai na ɗaure masa sarƙa. Ya yi dariya, ya ce duk da haka. Matatar dai ya yarda an canza. Man kuwa har jiya da na gan shi, ja yake sha.